Tambayi Likita: Me ya haɗa gyambon baki da shanyewar ƙafa?

Tambaya: Salam likita, sannu da aiki. Ƙanena ne ya daɗe yana fama da gyambon baki, ya warke ya dawo, har a gabansa ma yana fito masa, kwanaki kuma idonsa ya yi ja yana gani dishi-dishi. Toh yanzu ƙafafunsa sun yi nauyi, fitsari ma baya iya riƙewa. A asibiti an ce lakarsa ce ta kumbura wai sanadin ciwon jijiyoyin jini. Don Allah me ya haɗa su, kuma zai sake takawa kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Alamomin nan da kika lissafo sun yi kama sosai da cutar Behçet, sunan wani likitan fata ne ɗan Turkiyya, Hulusi Behçet, da ya yi bayaninta a 1937. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana kumbura jijiyoyin jini manya da ƙanana, kuma tunda ba inda jini baya zuwa sai ki ga ta taɓa baki yau, gobe ido ko fata, a wasu 'yan tsiraru kuma ta kai ga ƙwaƙwalwa ko laka. Laka kuwa ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara, in ta kumbura saƙon ya tsaya kenan.

Ba ciwon sanyi bane, ba a ɗauka, kar a zarge shi da komai saboda gyambon gaban nan.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Wannan ba ciwon bari mu gani zuwa sati mai zuwa bane, duk jinkirin da aka yi lakar ƙara lalacewa take. Za a yi masa hoton MRI, a ɗebi ruwan lakarsa ta gadon baya a auna, a tabbatar ba tibi ko wata ƙwayar cuta bace, sannan a sa masa sitiroyid, wato maganin rage kumburi, mai ƙarfi ta jijiya na 'yan kwanaki, daga baya a ɗora shi kan magani irin azathioprine ko infliximab don kar abin ya dawo. Ko ya ji sauƙi kar ya daina sha da kansa.

Batun takawa gaskiya ba zan miki alƙawari ba, wasu suna miƙewa, wasu raunin na zama musu, amma wanda aka fara wa magani da wuri ya fi samun dama. A fara gashin ƙashi na asibiti da zarar likita ya yarda, a riƙa juya shi a gado duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, kuma lallai likitan ido ya duba shi don cutar nan tana makantarwa.