Kar ka aske shi ƙwal

Ɗana, jiya ka tambaye ni me zai hana mu aske ɗan karen nan da aka kawo mana ƙwal, tunda bazara ta shigo Katsina, ga shi kuma da ka ɗauko mataji sai ya hau yi maka gurnani. Zauna ka ji.

Sunan irinsa Lasa Afso. Daga Tibet ya fito, ƙasar duwatsu da sanyi, inda ake ajiye shi a cikin gida da wuraren ibadar mabiya Buda don ya yi haushi in baƙo ya shigo. Da ƙyar yake wuce kilo 8, amma halin mai gadi gare shi. Gurnanin nan, bai san ka ba ne. Kar ka sunkuce shi ta sama kamar mage. Tsuguna, ka miƙa masa bayan hannu ya shinshina. Tsawa da duka taurin kai kawai suke ƙara masa.

Gashin kuwa hawa biyu ne, dogo a sama, mai laushi a ƙasa. Ragewa ake yi da almakashi, a bar kamar gaɓar yatsa biyu. Ina sabon hannu na taɓa kwashe wa wani gashi tas, ina ganin taimakonsa na yi. Kwana uku aka dawo da shi, rana ta gasa masa gadon baya ya yi jawur, yana ta susa. Har yau abin na damuna.

Tajewar ce aikin. Fara daga bakin gashi ka bi a hankali zuwa fata, musamman bayan kunne da hammata, nan yake cukurkuɗewa. Ƙarangiya in ta maƙale, da yatsa ake zare ta ɗaya-ɗaya. Buɗe tsakanin yatsunsa da cikin kunne, nan kaska ke ɓuya. Gashin goshi a datse shi ko a ɗaure, kar ya riƙa tsone masa ido.

Ka faɗa wa mai shi: inuwa da ruwa kullum, yawo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A abincinsa ban da albasa, cakulan da dafaffen ƙashin kaza. Allurar haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ya kuma san cewa amanar shekara 12 zuwa 15 ya ɗauka.

Gobe kai za ka taje shi, ni zan riƙe maka kansa.