Tambaya da Amsa: Da gaske Ngugi ya bar Turanci?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce, ina rubuta labarai da Hausa ina turawa a WhatsApp, amma yayana kullum cewa yake in koma Turanci in dai ina so a san ni. Sai malaminmu ya ambaci wani Ngugi wai shi Turancin ya bari ya koma yarensu. Don Allah wane ne shi, kuma da gaske ya bari gaba ɗaya?
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ngugi wa Thiong'o ɗan Kenya ne, an haife shi a 1938 a Kamiriithu kusa da Limuru, ya rasu 28 ga Mayu 2025 a Amurka yana da shekara 87. Ya taso ne tsakiyar yaƙin Mau Mau, wato tawayen da 'yan Kenya suka yi wa Turawan mulkin mallaka, yayansa ya shiga daji yana yaƙar Turawa, wani ɗan ubansa kuma kurma ne, aka ce ya tsaya bai ji ba aka harbe shi. Ya yi karatu a Makerere ta Yuganda da Leeds ta Ingila, littafinsa Weep Not, Child ya fito a 1964 da Turanci.

Toh a 1977 ne lamarin ya juya. Shi da wani marubucin mai suna Ngugi wa Mirii suka rubuta wasan kwaikwayo da yarensu na Gikuyu, manoma da leburori ne suka yi wasan a ƙauyensu, gwamnati ta hana, ta kama Ngugi wa Thiong'o ta kulle a kurkukun Kamiti kusan shekara guda ba tare da an kai shi kotu ba. Ki duba fa, littattafansa na Turanci ma suna caccakar masu mulki amma ba a taɓa shi ba sai da talaka ya ji maganar da yarensa, ni wallahi wannan ne ya fi tsaya min a rai. A cikin kurkukun ya rubuta labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar tishu, shi ne aka fassara Devil on the Cross. Daga 1982 yana gudun hijira, bai taka Kenya ba sai 2004.

Amma barin Turanci gaba ɗaya kam a'a. Ƙagaggun labarai ne ya mayar Gikuyu, wasu ma shi ya fassara abinsa zuwa Turanci, kamar Wizard of the Crow na 2006. Littattafan tarihin rayuwarsa kuwa da Turanci ya rubuta su, Dreams in a Time of War a 2010, In the House of the Interpreter a 2012, sai Birth of a Dream Weaver a 2016, kuma ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Amurka.

Saboda haka yayanki yana da 'yar gaskiyarsa, fassara ce ta kai Ngugi nesa, amma sai da aka yi rubutun tukuna. Ke ma masu karanta Hausa sun ninka na Gikuyu yawa nesa ba kusa ba, ki ci gaba da Hausarki, ki samu wanda ya san ƙa'idar rubutu ya riƙa duba miki kafin ki tura. In za ki karanta shi ki fara da na 2010 ɗin nan, a ciki ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa Wanjiku, wadda ba ta yi boko ba, ta sa shi makaranta.