Tambaya da Amsa: Hoki na kan ƙanƙara da labarin ekip ɗin samarin Laval

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa daga nan Tawa. Ƙanena ya daɗe yana zaune Kanada a wani gari Laval kusa da Monreyal, kullum sai ya turo mana bidiyon ɗansa a WhatsApp, yaron shekararsa 11, ya sha hular kwano yana sulɓi bisa ƙanƙara da sanda a hannu. Wai hoki ake ce ma wasan. Uban ya ce da can garin yana da ekip ta samari mai suna sosai amma yanzu babu ita. Don Allah mi ne ne wasan nan, mi ya cinye waccan ekip ɗin, kuma ba zai hana yaron lakwal ba? Gabana faɗuwa yake in na ga suna bugun juna. — Wata gwaggo, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaron. Wasan kam a can ya fi ƙarfin a ce wasa, shi ne balo ɗinsu. Tun ranar 3 ga Maris 1875 aka buga shi a cikin rufaffen fili a Monreyal, nan kusa da inda ƙanenki yake, kuma babban lig ɗin duniya NHL a garin aka kafa shi a 1917. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, takalminsu da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, abin da suke bugawa kuma wani dunƙulen baƙin roba ne falale mai nauyin kusan giram 170, sai an daskarar da shi kafin a fara don kar ya riƙa tsalle. Zagaye uku ake yi na minti 20-20, kuma saboda tsabar gudu ɗan wasa da wuya ya cika minti ɗaya a ciki, yana fita wani na faɗowa wasa bai tsaya ba.

To ekip ɗin da ƙanenki yake nufi. A 1969 aka kafa lig na samarin jihar Kebek, na 'yan shekara 16 zuwa 20, wato matakin ƙarshe kafin a zama ɗan wasan kuɗi. Ita wannan ekip a unguwar Rosemont ta cikin Monreyal ta fara a waccan shekarar, a 1971 ta tsallaka ruwa ta koma Laval da sunan National. A nan wani yaro Mike Bossy ya yi shekara huɗu daga 1973 ya zura ƙwallo sama da 300, amma duk da haka da aka zo zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL a 1977 sai a na 15 aka ɗauke shi, wai ana ganin ba ya son gwabzawa. New York Islanders da suka ɗauke shi sun ci kofin Stanley, wato kofin NHL, sau huɗu a jere da shi, 1980 har 1983. Ki ga fa, yaron da aka rena don ba ya dambe.

A 1979 aka canza mata suna zuwa Voisins, kuma a wannan sunan ne Mario Lemieux ya zo. Abin da ya yi a kakar 1983-84 har yau ba a samu wanda ya kamo shi ba a hokin samarin Kanada: wasa 70, ƙwallo 133 da kansa, ya ba wasu 149 suka ci, jimla maki 282, in kika raba kusan maki huɗu ke nan kowane dare, yaro ɗan shekara 18. Laval ta ɗauki kofin lig a shekarar, ekip ɗin Pittsburgh ta NHL kuma ta zaɓe shi na farko. A 1985 suna ya sake canzawa ya koma Titan, suka ƙara kofi a 1989, 1990 da 1993. Filinsu Colisée de Laval ƙarami ne tsoho, mutum 3,500 haka yake ɗauka, jama'a na zaune dab da 'yan wasa ihu kamar a kunnenka ake yi, baƙin ekip ba sa son zuwa wurin ko kaɗan. A 1994 Laval ta karɓi baƙuncin kofin Memorial, babban kofin samarin ƙasar gaba ɗaya wanda ake bugawa tun 1919 don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na farko, ta kai wasan ƙarshe a gaban mutanenta, Kamloops ta doke ta 5-3.

Bayan shekara huɗu kacal ekip ta tashi. Wannan shi ne abin da yake min ciwo a labarin nan Hajiya, don ba rashin iya wasa ya kashe ta ba, kujeru ne suka zama wayam. Laval gari ne na mutum sama da 400,000 amma a gindin Monreyal yake, wanda zai fitar da kuɗin tikiti zuciyarsa na wajen Canadiens, babbar ekip ta NHL da ke can tsallaken gada, ko ya zauna gida ya kalle su a tele, to wa zai je kallon yara a tsohon fili? Su kuma ekip ɗin samarin nan da masu su, kasuwanci ne, in ba a shigowa sai mai ita ya kwashe kayansa. A 1998 aka kai ta Bathurst a jihar New Brunswick, ɗan ƙaramin gari, inda babu wata ekip da za ta raba musu hankali. Shekarar farko a can suka ci kofin lig, a 2018 kuma suka ɗauki kofin Memorial ɗin da ya gagare su a Laval. Su ma mutanen Bathurst ba ta dawwama gare su ba, an sayar da ita, a 2025 ta koma garin St. John's a jihar Newfoundland. Yanzu abin da Laval take da shi shi ne Rocket, tun 2017, ekip ta manya ce da Canadiens ke renon 'yan wasanta a ciki.

Maganar bugun juna ki kwantar da hankali. Tun 2013 aka hana 'yan shekara 11 da 12 bangazar juna a Kanada, hular ma dole ta zama mai raga a fuska, kuma lig ɗin Kebek na samari tun 2023 wanda ya yi dambe korarsa ake daga wasan. Buguwa a kai dai ba a wasa da ita, in yaro ya faɗi ya ce kansa na juyawa ko yana jin amai, likita tukuna kafin ya koma.

Inda nake so ku sa ido shi ne nan gaba in ya kai 16 aka zaɓe shi. Ba shi ke zaɓar gari ba, ana iya tura shi wuri mai nisan gaske ya zauna gidan wasu mutane, kamar dai yadda ake kawo yaro daga ƙauye kolej a Tawa a ajiye shi gidan mai masauki, ke kin san in an dace da gida an dace, in ba a dace ba yaro ke shan wuya. Uban ya san gidan, ya yi maganar abinci da salla tun farko ba kunya. Nazem Kadri musulmi ne ya bi ta wannan hanyar, ya ci kofin Stanley a 2022 har ya kai shi masallacin garinsu London na Ontario. Amma a cikin yaran da ke shiga hokin samari kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa NHL, don haka ki gaya wa ƙanenki in zai turo bidiyo ya haɗa da takardar sakamakon lakwal.

TAMBAYA: Malam za a iya yin filin ƙanƙara a Yamai? — Wani ɗalibi, Yantala

AMSA: Ɗana a fasahance ana iyawa, bututu ake shimfiɗawa ƙarƙashin siminti ruwan sanyi mai gishiri ko magani na zagayawa ciki, a rufe ɗakin ruf. A Nairobi akwai ƙaramin fili a cikin otal ɗin Panari, nan 'yan Ice Lions na Kenya suke atisaye. Matsalarmu wuta ce, filin gasa mita 61 ne a 26, injinsa ba ya hutawa dare da rana, kai kuma ka san yadda Afirilu da Mayu suke a Yamai. In sha'awar wasan kake, akwai irin da ake bugawa da takalmi mai taya bisa siminti, sanda da raga duk kusan ɗaya ne, filin basket ma ya isa ku fara.