Na cire manhaja a Ubuntu amma wuri bai dawo ba

Malam, ka ce ka cire manhaja amma faifai yana nan a cike. Dalili shi ne apt, wato shirin da ke saka manhaja da cire ta a Ubuntu, yana sauko da ƙananan fakiti da manhajar ke dogaro da su, kuma in ta tafi su suna zama.

Don cire su, rubuta `sudo apt autoremove` a Terminal, wato tagar rubuta umarni. Amma kafin ka amince, karanta jerin fakitin da zai cire da kyau. In ka taɓa cire `ubuntu-desktop`, fakitin da ke tattara manhajojin fuskar Ubuntu, jerin zai iya haɗawa da abubuwan da kake aiki da su kullum, ga tsadar intanet a nan Maradi in za ka sake sauko da su. Wanda kake so ya tsira, yi masa `sudo apt-mark manual` da sunansa.

In sabar ofis ce, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, bar wa mai kula da ita.