Ƙashin da na tsinta a gulbin Rima na kifin wel ne?

Tambaya: Malam, da rani ruwa ya janye, na tsinci wata gaɓar ƙashin baya a gaɓar gulbin Rima kusa da Goronyo. Baƙa ce, ta kai dunƙulen hannu, ga nauyi kamar dutse. Wani ɗalibi ya ce ta kifin wel ce, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Wani mai magani kuma ya ce ƙashin Samudawa ne, in daka a ba mahaifina don ciwon gwiwa, ko in sayar masa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, ka yi kyau da ka tambaya kafin ka ɗauko turmi.

Da wuya ya zama wel. Gaskiya ne teku ta taɓa malale ƙasar Sakkwato, amma duwatsun Goronyo da Dukamaje sun haura shekara miliyan 66, alhali wel bai bayyana ba sai wajen shekara miliyan 50 da suka wuce. Tsohon wel na Najeriya, Pappocetus, a Ameki ta jihar Abiya aka samo shi. Abin da yankinku ya yi suna da shi shi ne ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, sai kadoji da kunkuru da haƙoran kifi.

Juya gaɓar ka dubi bakinta biyu. In gaba ya lotsa kamar ƙoƙo, baya ya tasa kamar ƙwallo, ƙadangaren teku ne ko kada. In duka biyun sun lotsa, ƙila kifi ne ko wani tsohon nau'in kada. Ta wel shafaffiya ce gaba da baya. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne: haƙarƙarin ayu na gulbin Kwara da Binuwai cushe yake, babu ramin ɓargo, ko na bara ne sai ka rantse dutse ne.

Yanzu batun dakawa, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kada ka ba Baba. Wallahi kada ka ba shi! Abin da ke hannunka ba ƙashi ba ne kuma. Shekaru miliyoyi yana kwance yana tsotsar ma'adinan ruwan ƙasa, har da fulorayid, wani lokaci da yuraniyom, sinadaran da ke iya cutar da jiki. Garin dutse ne za ka jiƙa wa dattijon da ƙila ƙodarsa ta riga ta gaji. Na sha ganin irin wannan a shimfiɗar masu magani ranar kasuwa, an farfasa da guduma, an ƙulla a leda, yau a ce na Samudawa ne, gobe a ce na ayu ne. Na taɓa samun rabin muƙamuƙi da haƙoransa a jere, na tambayi sauran, aka ce an sha. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Wanda ya sha bai warke ba, ya kuma jinkirta zuwa asibiti, abin da ya kwana shekara miliyan 66 lafiya lau ya ƙare a kofi.

Kada ka sayar, kada ka ƙona ko ka zuba masa ruwan batir don gwaji. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe da kwalin ashana a kusa don a gane girma, ka ɗauki hoton wurin, ka sa alama kafin damina ta rufe shi. In akwai saura a cikin gaɓar gulbin, bar shi yadda yake, domin shimfiɗar dutsen ce ke faɗin shekarunsa. Sai ka naɗe wannan a tsumma ka kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.