Takalmin gudu na bugun min yatsa, in canza ko zai saki?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ni ina gudu ne bayan sallar asuba, in hau kwaltar hanyar Mirriya in dawo. Na sayi takalmin gwanjo a kasuwar Dole, mai shi ya ce min irin nyutural ne kuma lambata ce 42, amma wallahi in na yi nisa babbar yatsa sai ta riƙa bugun gaba har farce ya fara baƙi, ga dunduniya na jin ƙasa sosai. In canza ne ko zai saki?
Daga mai karatu a Zango, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ba zai saki ba, takalmi kan ɗan buɗe ta faɗi amma tsawo ba ya ƙaruwa, kuma baƙin farcen nan shaida ce ya yi ma kaɗan. Ƙafa tana kumbura in ana gudu balle da zafin garin nan, shi ya sa lambar da kake sawa zuwa aiki ba lalle ta yi ma ba, yawanci sai an ƙara rabi ko ɗaya. In za ka saya ka je da marece, ka tafi da safar da kake gudu da ita, ka ɗaure igiya ka miƙe tsaye ka danna gaban da babban yatsan hannu, ya zamana akwai fili kamar santimita 1 tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, yatsu na motsi, dunduniya kuma ba ta zamewa. Ka gwada duka biyun don Allah, ƙafafun mutum ba cika zama daidai suke ba.

Shi nyutural ba a sa mai tokari mai tauri ta gefen ciki ba, an bar ƙafa ta sauka yadda ta saba, irin su Nike Pegasus da Brooks Ghost, kuma yana yi ma mafi yawan mutane.

Maganar soso, wato laushin ƙasan takalmi da ke hana dunduniya jin ƙasa, ita ta fi damuna da gwanjo. Ana ƙiyasta soson takalmi na gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800, to wanda ya sa shi kafin kai wa ya san nawa ya ci? Sama fes an wanke, ƙasa ya mutu kamar tsohuwar katifa. Ka duba gefen soson, in ya yi tamoji ko ka danna bai taso ba, ko ka aje shi kan tebur ya karkata gefe, bar musu kayansu ko nawa suka rage. Kuma kar laushi ya ruɗe ka, mai laushi da yawa kan rairayi ƙafa rawa take, matsakaici ya fi ma hanyoyinmu. Kar ka shanya shi a rana, zafi na lalata soso da gam. Farcen kuwa in ya fara ruwa ko zogi ya ƙi tsayawa, ka je likita.