Filin Tambaya da Amsa: "In komai yana da mai samarwa, to Allah fa?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ina karanta fiziks. Wani abokin karatuna ya ce min: in dai komai sai da wanda ya samar da shi, to wa ya samar da Allah? In kuma Allah ba ya bukatar mai samarwa, me zai hana a ce ita ma duniya haka take? Na yi a'uziyya, amma abin yana dawo min har a cikin sallah. Imanina ya taɓu ke nan?
Wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Sahabbai ma sun kai wa Annabi (SAW) kukan irin wannan tunani mai nauyin faɗa, ya ce musu ƙyamarsa da suke ji ita ce tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A'uziyyar da ka yi kuwa ita hadisin Bukhari da Muslim ya umarta. Sai dai wannan maganin waswasi ne. Abokinka hujja ya kawo da bakinsa, dole a amsa masa da hankali.

Gyaran yana cikin maganarsa ta farko. Malaman tauhidi ba su ce komai yana da mai samarwa ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe Ummul Barahin, littafin da zaurukanmu suka daɗe suna karantarwa, da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, wanda ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda zai iya kasancewa, zai iya kuma ƙin kasancewa. Ja'izin nan shi kaɗai ke bukatar mai samarwa. Ni da kai ja'izai ne, haka Kogin Gongola, haka rana. Tunda samuwarmu da rashinmu duk suna yiwuwa, akwai abin da ya rinjayar da samuwar.

A kan irin wannan rabe-rabe masanin falsafa Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, ya gina hujjarsa. Ka ɗauka wani ɗan kasuwa a Muda Lawal ya ba ka rancen naira 50,000, ya ce shi ma rantowa ya yi, wanda ya ranta masa shi ma haka. Ka tsawaita layin nan iya son ranka. Matuƙar babu mai kuɗin na kansa a cikinsu, da ko sisi ba zai iso hannunka ba. Ga shi kuwa ya iso. Samuwar ja'izi ta aro ce, don haka akwai wanda samuwarsa tasa ce, bai karɓo daga kowa ba. Shi ne Wajibul Wujudi. Mai tambayar wa ya samar da Shi, tambaya yake wa ya ara wa wanda bai taɓa aro ba.

Abin da ya fi burge ni a hujjar nan shi ne ba ta rataya ga shekarun duniya ba. A ajinku ana cewa sararin samaniya ya kai kimanin shekara biliyan 13.8. Ko gobe wani ya zo da lissafin da ya soke wannan, tsawon zamani ba ya mayar da aro ya zama mallaka.

Rabin tambayarsa na biyu ya fi ƙarfi, kada ka raina shi. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya faɗi irinsa a muhawararsa da wani limamin Kirista, Frederick Copleston, a rediyon BBC a 1948. A ganinsa duniya tana nan ne kawai, kuma bukatar da kowane ɓangare yake da ita ba lallai ta hau kan jimillar ba. Ibn Sina ya riga ya tsaya a kan wannan tun fiye da shekara 900 kafin nan: jimilla ba ta tsayuwa sai da ɓangarorinta, abin da kuwa ya dogara da waninsa ba zai zama wajibi ba.

Kada kuma ka ɗora wa hujjar abin da ba ta ɗauka ba. Ta kai ka ga Mai samarwa, amma ba za ta koya maka sallah ko ta tabbatar maka da annabci ba. Waɗannan da hujjojinsu daban. Shi kansa Ibn Sina, Imamu Gazali ya yi masa raddi mai zafi kan cewar da ya yi duniya ba ta da farko. Alƙur'ani kuwa ya dunƙule batun a aya ta 35 ta Suratut Ɗur: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar?

In kun sake zama da abokinka, kada ka yi masa faɗa, kada ka kafirta shi. Ka tambaye shi cikin natsuwa: a duniyar nan wanne abu ne yake ganin wajibi ne? In ya ce ƙwayar zarra, ita ma haɗa ta aka yi da wasu ƙanana. In ya ce dokokin fiziks, ka tambaye shi ko hankali ya hana gudun haske ya zama wani adadi daban da kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma me ya tsayar da shi a nan.